Tabawa Ba Ta Tafi Ba!

"Ƙarya ne! Tabawa ba ta tafi ba!"

Daga can ƙarshen zauren muryar ta taso, ta yanke mini magana a tsaka.

Na sauke mikoro a hankali.

Sama da mutum ɗari biyu ne suka cika zauren nan na unguwarmu, Lamordé, galibinsu ɗaliban jami'a, kowa na fifita da littafi don kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke tun hantsi. Ni suka zo saurare. Ni Balkisa, ƴar Idrisa tela, wadda ta ƙirƙiri wasan wayar da ya hana samarin Yamai shan shayi cikin natsuwa.

Wai kuma ni ake ƙaryatawa a bainar jama'a!

"Wa ya yi magana?" na ce. "Ya tashi mu gan shi."

Ya miƙe.

Dogo ne, baƙi, rigarsa ta koɗe a kafaɗa, hannuwansa irin na wanda ya saba da ƙarfe da laka. Ko kaɗan bai yi kama da ɗan jami'a ba.

"Sunana Sumana, daga Tondibia," ya ce da Hausarsa mai nauyin Zabarmanci. "Madam, sau tara ina kai wasan nan ƙarshe. Sau tara Tabawa tana zama bakin rijiya. Yau ka zo... kin zo kin ce ta tafi Yamai. To wadda muka zauna da ita fa? Aljana ce?"

Rabin zauren ya kaure da tafi.

Ɗaya rabin ya ɗauki ihu: "Zauna, baƙauye! Tafiya ce gaskiya!"

Bari in gaya muku abin da ya haɗa faɗan.

Wasan nawa sunansa Tabawa. Labarin wata mata ce a shekarun babban fari, zamanin mulkin sojan da iyayenmu ke ba da labari, tana fama ta raya ƴaƴa uku da akuya ɗaya a ƙauyen da rijiyarsa ke ƙafewa. Mai wasa shi ne Tabawa. Shi zai raba ruwa, shi zai zaɓi wanda zai ci yau da wanda zai jira gobe. A ƙarshe wata babbar mota ta tsaya a bakin gari, sai wasan ya tambaya: ki hau ki tafi Yamai da yaran, ko ki zauna da mijinki Halidu ku ci gaba da haƙar rijiya?

Shekarar da sojoji suka sake karɓar mulki na fito da shi. An rufe iyaka, kuran ya zama baƙo, samari na zaune a fada, majalisarsu ta shan shayi, ba aikin yi. Wasan kuwa ba ya neman intanet, waya ce ke tura wa waya. Kafin wata uku gari ya rabu biyu: ƴan Tafiya da ƴan Zama. Har aminai aka yi da suka daina gaisawa a kan Tabawa!

Ran nan na tara su ne in sanar da kashi na biyu, wanda zai buɗe da Tabawa tana saukowa daga mota a Yamai.

"Malam Sumana," na ce, ina jin kunnuwana sun ɗau zafi, "Tabawa kakata ce. Labarinta na rubuta, kuma ta tafi. Da ba ta tafi ba, da yau ba na tsaye gabanka."

"To don me kika tambaye mu?"



"In kin san amsa, don me kika sa muka zaɓa? Kin ba mu da hannun dama, kin karɓe da na hagu."

Na buɗe baki...



Ni da ko malaman jami'a ba su taɓa kashe mini baki ba!

Mumuni ne ya cece ni. Abokin aikina ne, shi ke da biro, wato ofishin da muke aiki a ciki a unguwar Koira Kano, shi ke da ordinatoci, wato kwamfutoci, da farantan hasken rana. Ya karɓe mikoron ya ce lokaci ya ƙure, taro ya tashi.

A mota ya dube ni yana murmushi.

"Kada ki sa maganar ɗan lambun nan a rai, sheri."

"Na hana ka kirana haka."

"Bon, Balkisa. Amma ki yi tunani. In muka ce kowa ya ci gaba daga inda ya zaɓa, wasa biyu ke nan za mu yi. Shekara guda cur za ta ƙaru. Hanya ɗaya ta isa, masu surutu za su gaji."

Gaskiya ya faɗa, na sani.

Amma kwana uku tambayar nan tana cina kamar ƙaya a tafin ƙafa.

A rana ta huɗu na nemo lambarsa a zauren WhatsApp na masu wasan, na rubuta masa: "Kai mai baki. Ina son in san abin da ya zaunar da kai har sau tara."

Amsa ta zo nan take: "Zo Tondibia ki gani. Ki taho da malafa, ranar nan ba ta san mai diploma ba."

Na ja ƙawata Zeinabu, wadda ke zana mana hotunan wasan, muka ƙetare gada, muka wuce shingen sojoji biyu, muka isa da hantsi.

Ban taɓa ganin kogi ya rame haka ba. Ruwan ya janye can tsakiya kamar mai fushi, ya bar yashi fari fat. Masu lambu sun ɗaura tiyo a kan tiyo suna bin sa. A cikin laka muka tarar da Sumana, ya kwance cikin wani injin ban ruwa, baƙin mai har gwiwar hannu. Ashe aikinsa ke nan, shi ne likitan injinan duk masu lambun bakin nan.

"Fofo, Madam Tafiya," ya gaishe ni da Zabarmanci yana dariya. "Ashe kina da zuciya."

"Ba hira na zo ba."

"To muje."

Ya kai mu gidansu. A ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro wata tsohuwa ce zaune a tabarma, idanunta sun yi fari, tana tsinkar zogale da lalube.

"Kakata ce, Haoua," ya ce, muryarsa ta sauka. "Madam, ni ban taɓa zaɓa ba. Ita ke zaɓa. Ina danna waya ina fassara mata, in mota ta zo sai in tambaye ta. Sau tara tana cewa a zauna."

"Don me?"

"Don ita ta zauna. A ƙauyenmu na arewa, a wancan farin. Mota ta zo ta tafi, ba ta hau ba. Ta binne ƴaƴa biyu, ta raya huɗu. Ubana ne na ƙarshensu."

Ya durƙusa ya yi mata magana a kunne. Tsohuwar ta saki zogalen, ta miƙo hannu tana nemana. Na matsa na tsuguna. Ta kama yatsuna ta riƙe gam, ta yi magana mai tsawo da Zabarmanci.

"Me ta ce?"

Sumana ya kawar da kai kafin ya amsa.

"Ta ce ke ce mai Tabawa? Ta ce ki gaya mata ta ƙara haƙuri, kada ta daina haƙa. Ruwa na nan a gaba goma sha biyu. Kullum tana tambayata ko yarinyar nan ta kai ruwa, ni kuma ina ce mata sai kashi na biyu."

Ya Salam...

Ban san hawaye ya zubo mini ba sai da na ga ya ɗiga a bayan hannunta.

Daga ranar na zama ƴar Tondibia. Duk Asabar ni da Zeinabu muna can, ina naɗar labaran Kaka Haoua a waya, Sumana na fassara. Yadda ake gane ƙasa mai ruwa da ɗanɗano. Yadda ake tonon gidan tururuwa a kwashe hatsin da suka ɓoye. Abubuwan da ban taɓa ji ba a jami'a.

Ni da shi kuwa, faɗa kamar kaji.

"Tabawarki ta Yamai ta cika kuka," zai ce.

"Taka ta ƙauye ta cika taurin kai!"

"Wa ta biyo?"

Sai in harare shi, sai ya yi dariya, sai in rasa inda zan sa idona.

Wata Asabar da la'asar, Zeinabu na can tana zana hannuwan Kaka, ya kawo mini kopto, kwaɗon zogale, a kwano ya zauna nesa kaɗan.

"Balkisa."

Karon farko ke nan da ya kira sunana ba Madam.

"Na'am?"

"Akwai maganar da Hausata ba ta kai ta ba."

"To faɗe ta da taku."

Ya dubi kogin, ya dubi hannuwansa, sannan ya dube ni.

"Ay ga ba nin."

A Yamai aka haife ni. Ko ban iya Zabarmanci sosai ba, wannan kam kowace budurwa ta san ta.



"Ban ji ba," na ce ina wasa da bakin gyalena. "Fassara."

"Ina sonki, Balki na. Tun ranar da kika tsaya gaban mutum ɗari biyu kika ce in tashi a gan ni. Ban taɓa ganin mace mai tsayuwa irin taki ba."

"Ko da na kashe maka Tabawa?"

"Ba za ki kashe ta ba. Na ga idonki."

Na sunkuyar da kai.

"Ka turo manya," na ce a hankali. "Ni ba ƴar hirar bakin kogi ba ce."

Ran Litinin na shiga biro na gaya wa Mumuni shawarar da na yanke. Kashi na biyu zai duba wayar kowa ya ga abin da ya zaɓa. Wanda ya tafi zai farka a Yamai. Wanda ya zauna zai farka a bakin rijiya. Hanya biyu, kowace da nata labarin har ƙarshe.

Ya aje kofin shayinsa.

"Saboda ɗan lambun nan?"

"Saboda na tambayi mutane, sun amsa. Ba zan mai da su maƙaryata ba."

"Shekara biyu ina binki, Balkisa. Shekara biyu! Shi wata biyu kacal..."

"Ban taɓa yi maka alkawari ba, Mumuni. Aiki ne ya haɗa mu."

Ya juya ya koma kan ordinatarsa.

Amma da na koma gida na tarar ya riga ni zuwa wurin Baba.

Baba na zaune bakin kekensa na ɗinki, bai ko ɗago ba.

"Balkisa, gaskiya ne abin da na ji?"

"Me ka ji, Baba?"

"Wai mai gyaran inji a cikin laka. Wanda ko makarantar lakkal bai gama ba."

"Sana'a gare shi, Baba. Lambu arba'in ke shan ruwa ta hannunsa."

"Da allurar nan na kai ki jami'a!" Ya buga hannu a kan keken. "Idona ya mutu a kan ɗinkin mutane don ki zauna a inuwa, ki auri na inuwa. Ga yaro ɗan mutunci a Koira Kano, da mota da biro, ke kuma kin juya za ki koma inda muka gudo?"

"Baba, ka yi haƙuri. Ba zan yi aure ba da yardarka ba. Amma Mumuni kam, ko shi kaɗai ya rage a Yamai..."

"Tashi ki ba ni wuri!"

Na tashi.

Kakata Iya Tabawa na zaune a ƙofar ɗakinta tana jan carbi. Ta ji komai.

Sati biyu bayan haka, da safe ina shirin fita, wayata ta fara ruri ba ƙaƙƙautawa. Zeinabu ce.

"Balki, shiga zaure yanzu! Yanzu!"

Na shiga.



Wani ya saki bidiyon sirrin kashi na biyu, wurin da rijiya ke rufta wa Halidu. Wurin da na fi wahala a kansa, wanda na so mutane su tarar da kansu. Sabuwar lamba ce ta tura, amma da sunan Sumana da hotonsa. A ƙasa an rubuta: "Ƴan Zama, na cika alkawari. Na juya Madam ta canza labari. Mace ai sai da dabara."

Zaure ya kama da wuta. Ƴan Tafiya na cewa an saye ni da daɗin baki. Wasu na tura hotona da dariya. Wani ya rubuta: "Ashe zakanyar Lamordé kyanwa ce."

Kuma mutum ɗaya tak na taɓa nuna wa wurin nan a wajen biro.

Shi.

Na tari taksi har Tondibia. Yana ganina ya taso da murmushi, sai na cilla masa wayar a ƙirji.

"Karanta!"

Ya karanta. Fuskarsa ta sauya.

"Wannan ba lambata ba ce."

"Layi nawa ne a kasuwa? Wa na nuna wa in ba kai ba? Na amince da kai, na saɓa wa ubana a kanka, ashe caca ka yi da ni gaban abokanka!"

"Balki..."

"Kada ka ƙara kiran sunana!"

Ya kalle ni. Sannan ya miƙo mini wayar da hannu biyu.

"Kin zo tambaya ne, ko kin zo da hukunci?"

"Na zo in ga idon maci amana."

"To kin gani. Ni talaka ne, Madam, amma ban taɓa rantsuwa a kan abin da ban yi ba don a so ni. In zuciyarki ta ce ni ne, to ni ne. Allah ya kiyaye hanya."

Ya juya ya koma cikin lakarsa.

Ko waiwaye bai yi ba!

Sati uku ban ci abincin kirki ba. Bai kira ba, ban kira ba. Mumuni kuwa ya dawo da fara'a, yau kilishi, gobe lemo mai sanyi, yana ta cewa mu goge hanyar Zama gaba ɗaya mu wanke sunana. Saura kaɗan in yarda.

Wata Laraba da azahar Zeinabu ta shigo ɗakina ba sallama, ta zauna a bakin gado tana haki.

"Yaushe kika nuna wa Sumana wurin rijiyar?"

"Ki ƙyale ni da maganar nan."

"Yaushe?"

"Asabar ɗin ƙarshe da muka je."

"To dubi rawanin Halidu a bidiyon."

Na duba.

"Shuɗi ne."

"Ran Asabar fari ne, Balki! Sai ran Alhamis na sauya shi, a babbar ordinatar biro, don farin yana ɓacewa cikin yashi. Ban ma tura miki ba. Wanda Sumana ya gani farin rawani ne. Wannan daga biro ya fito. Ni ban saki ba, ke ba ki saki ba. Mu nawa ke da mabuɗi?"

Innalillahi...

Na dafe kai da hannu biyu.

Ko gyale ban daidaita ba muka nufi Koira Kano. Mumuni na zaune gaban fanka. Na aje masa wayar, na nuna rawanin da yatsa.

Ya kalla, ya kalli Zeinabu.

"Don ke na yi," ya ce daga ƙarshe. "Kina neman jefa kanki a rami. Wani ya kamata ya tare ki."

"Ka sa gari ya yi mini dariya don ka tare ni?"

"Sheri, ba ki da inji, ba ki da kuran. In kika fita nan, da me za ki gama wasan? Da gawayi?"

Na zare mabuɗin biron daga jakata na aje a teburinsa.

"Kashi na farko a tsohuwar ordinatata na yi shi, a ɗakin Iya, kafin in san ka. Kai inji gare ka, Mumuni. Ni ke da Tabawa."

Zeinabu ma ta aje nata.

Daga nan ban tsaya ko'ina ba sai Tondibia.

Ban taɓa ba namiji haƙuri ba a rayuwata. Duk hanya ina haɗa kalmomi suna warwarewa. Na same shi can tsakiyar yashi yana jan tiyo, don kogin ya ƙara gudu. Na cire takalmi na bi shi, yashin na gasa mini ƙafa.

"Sumana."

Bai juyo ba.

"Na gano wanda ya yi. Ba kai ba ne."

"Na sani."

"Na zalunce ka. Na yanke maka hukunci ban saurare ka ba." Na matsa kusa da shi. "Ka yafe mini... don Allah."

Ya saki tiyon. Ya juyo, idanunsa jajur.

"Kin san abin da ya fi yi mini ciwo? Kullum Kaka sai ta ce ina ƴar Hausan nan. Sai in ce kina aiki. Sati uku ina yi wa makauniya ƙarya."

Na fashe da kuka.

"Ya isa," ya ce da sauri. "Ya isa, Balki na, kada ki sa ni ma in yi. Wa ya ce ki shigo yashin nan ba takalmi? Kina son ki gasu?"

Ya cire nasa ya tura mini gabana. Suka yi mini yawa kamar kwale-kwale. Ina kuka ina dariya na sa su, shi kuma yana ta ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya don zafi.

Saura Baba.

Washegari bayan sallar la'asar na durƙusa na gaya masa duk abin da Mumuni ya yi. Ya girgiza kai, ya ce Allah ya shirya, amma maganar mai inji tana nan inda take.

Sai muka ji an aje carbi.

"Idrisa."

Iya ce. Ta taso da sandarta ta tsaya a kansa.

"Na'am, Inna."

"Shekararka nawa ranar da motar nan ta sauke mu a Yamai?"

"Bakwai."

"Da takalmi a ƙafarka?"

Baba ya sunkuyar da kai.

"Kwana huɗu muna kwance bakin kasuwa, masu motoci na wucewa. Wa ya ɗauke mu? Wani mai lambu ne, Bazabarme, laka har gwiwa. Ba ya jin Hausa, ba na jin Zabarmanci. Ya ba mu rumfa, ya ba ka kabewa ka ci har ka yi barci a zaune. Yau kai ne mai ƙyamar laka?"

"Inna, ba ƙyama ba ce. Wahala nake guje mata."

"Ni na gudu da ku don ku rayu, ban gudu don ku raina waɗanda suka tsaya ba. Yarinyar nan ta san abin da take so. Ka kira yaron ka dube shi da idonka, in ka ga aibu ka faɗa."

Baba ya daɗe yana murza zare a yatsa.

"Ki ce ya turo," ya ce, bai dube ni ba.

Wata goma sha ɗaya muka yi muna aikin. Sumana ya haɗa mini farantin hasken rana da batirin wata tsohuwar mota a ɗakin Iya. Zeinabu ta zana har yatsunta suka yi kanta. Tsofaffin nan biyu kuwa muka haɗa su a tabarma ɗaya, wadda ta tafi da wadda ta zauna, ba mai jin harshen wata, amma sai su wuni suna hira da hannu suna dariya.

Ranar da kashi na biyu ya fito, na shiga zauren WhatsApp na zuba ido.

"Jama'a! Tawa ta farka a Yamai!"

"Tawa tana bakin rijiya! Wallahi ta tuna har akuyar da na yanka!"

"Ƴan Zama, mun kai ruwa! Gaba goma sha biyu!"

Faɗa bai ƙare ba, sai ma ƙaruwa da ya yi. Yanzu gardamar ita ce hanyar wa ta fi sa kuka. Na bar su da abinsu, ina jin kaina har sama.

Kaka Haoua kuwa, da Sumana ya gaya mata guga ya fito da ruwa, sai ta ɗaga hannu ta rangaɗa guɗa da ƴar muryarta, ta ce a ba Tabawa ta sha ta huta.

Bayan sati uku aka ɗaura mana aure a ƙofar gidanmu. Baba da kansa ya ɗinka wa ango babbar riga, ya ce ba zai bari surukinsa ya sa ɗinkin wani tela ba. Amma fara'a kam bai cika yi masa ba. Gaisuwa ce kawai, a taƙaice.

Wata guda da tarewata, ran wata Juma'a da hantsi, sai ga Baba a Tondibia, wai ya zo ganin ɗakina. Na shimfiɗa masa tabarma a inuwar mangwaro, na shiga kawo ruwa.

Ina fitowa na ji yana magana ƙasa-ƙasa. Na tsaya bayan katanga.

"Sumana, matso nan."

"Na'am, Baba."

Na leƙa. Baba ya zaro waya daga aljihu, ya gyara tabarau, yana waige-waige.

"Wurin nan a wasan Tabawa da ake ɗaura igiya a shiga rijiya. Kwana uku ina nan, kullum sai igiyar ta tsinke. Yaya ake yi?"

Sumana ya durƙusa kusa da shi, yana danne dariya.

"Baba, ai sai ka fara jiƙa igiyar."

"Da wane ruwan? Ruwan yara ne ya rage!"

"Rabin moɗa ya isa."

Baba ya danna, ya danna, sai ya buga cinya.

"Allahu Akbar! Ta riƙe! Kai, yarinyar nan akwai kai... ƴata ce fa, ka sani ko?"

"Na sani, Baba."

"To kada ka gaya mata na tambaye ka."

Na koma ciki da sanɗa, na aje kofin, na toshe baki da gyale. Sai da na goge idona tas, sannan na fito da sallama.